Lodin Asuba

Ni mai kura ne a Singa,
shekara sha tara ƙafata na cin kwalta.
Na san nauyin sukari ido rufe,
na san katan ɗin taliya, yadda yake raɗa in an ɗaga shi.
Wannan kuwa da ake ba ni kafin assalatu,
an rubuta taliya a jikinsa,
amma kukan kwalba yake.

Ban tambaya ba.
Wa ya aiki ɗan dako karatu?
Kuɗin lodi uku ake danƙa min a lodi ɗaya.
Yaron sito ya ce, "Baba, bi ta lungu,"
na bi ta lungu.
A bakin shinge mai kaki ya leƙa,
ya zare abin da aka naɗe a ƙarƙashin igiya,
ya ce taliya ce.
Ni ma na ce taliya ce.

Mai kayan, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba.
Alhaji Ɗayyabu, ɗan sahun gaba,
shi ya haƙa mana burtsatse a Kurna,
sunansa na jikin tanki da koren fenti.
Ruwan da daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba.
Da shi muka yi wa Nazifi wanka.

Nazifi, ɗan ƙanwata Tasalla,
wanda ke tayar da matacciyar rediyo
tun bai iya ɗaura alwala daidai ba.
Ya fara da murfin kodin a cikin lemo,
ya koma jar ƙwaya biyu da shayi,
muryarsa ta zama ta mai magana daga rijiya.
Keken ɗinkin uwarsa ya bar gidan da dare,
sai tukunya, sai 'yan kunne.
Wata huɗu a Dawanau, ya dawo da ƙiba da kunya,
sati shida ba ya rasa jam'i.

Sai kakar zaɓe.
Motoci suka shigo unguwa da lasifika,
aka raba riga mai fuska,
da gora, da dubu biyu, da baƙar leda.
Na ga ledar. Na san katan ɗin da ya haife ta.
Wataƙila ni na tura shi, wata Laraba,
har na tsaya na sha koko da ladansa.

A Ƙofar Mata aka yi karon,
yaran wancan da yaran wannan,
ƙwayar sito ɗaya ke tuƙa su duka.
A daidaita sahu ce ta kawo shi gida,
rigar na jikinsa,
ɗan takara na murmushi ta cikin jini.

Ya kuwa ci.
Ya zo gaisuwar uku da buhun shinkafa,
Alhaji Ɗayyabu a damansa.
An ce yanzu shi ke riƙe da kwamitin
raba matasa da shaye-shaye,
har ya yi kuka a rediyo.
Ni da ke tura kura
na san wadda aka ba ajiyar nama.

An ƙona kaya a bayan gari, an ɗauki hoto.
An kama yara bakwai a ƙarƙashin gada, an yi musu ƙwaryar molo.
Sito bai rufe ko rabin yini ba.

Tasalla ba ta sani ba.
Tana zuba min tuwo tana cewa, "Yaya, ka rame,"
ni ina juya loma ɗaya har miya ta huce.

Jiya yaron sito ya aiko.
Na ce bayana ke ciwo.
Ya yi dariya, ya ce kuraye ba su ƙare a Singa ba.
Gaskiyarsa. Kafin in naɗe igiyata
na hangi Sagiru, mai 'ya'ya biyar, ya karya lungu,
taya na kuka, kwalabe na amsawa.

Na zauna a kan kurata har rana ta take tsaka.
Kuɗin haya saura kwana tara.
Gobe zai sake aikowa.